Ciyawar Turawa a Tsakar Gidanmu

Tsakar gidanmu da ke Gwadangaji ba ta da girma. Taku tara ce a tsawo, shida a faɗi. Ɗakuna biyu da falo da kicin sun kewaye ta ta ɓangare uku, katanga ta rufe ɓangare na huɗu. Shekara goma sha ɗaya muna zaune a gidan ban taɓa ganin laifinta ba. A nan matata Nuriyya take shanya kaya, a nan turminta yake, da randa biyu, da wata bishiyar zogale da ta tsiro a jikin katanga ba tare da kowa ya shuka ta ba. A ƙasan katangar akwai rariya, ramin da ruwa ke bi ya fita waje.

Sunana Abdussamadu. Ma'aikacin gwamnati ne ni a Birnin Kebbi, aikina rubuta takardu da ajiye su. A Argungu aka haife ni, a gidan da kowa manomin shinkafa ne tun kaka da kakanni. Ni kaɗai aka ware aka ce boko zan yi. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta yarda ko sau ɗaya an tafi da ni fadama ba. Duk da haka idan ana hirar noma a ofis nakan gyara zama in ce, "Ku bari in gaya muku, mu 'yan Argungu a cikin abin aka haife mu."

A watan Maris na bara aka tura ni Abuja taron bita na kwana uku. Otal ɗin da aka sauke mu yana da wani ɗan fili a tsakiyarsa, bai fi tsakar gidanmu girma ba. An shimfiɗa masa ciyawa kore shar, gajeriya kamar darduma, an zagaye ta da fararen duwatsu, ga furanni a kusurwa, ga benci na katako. Abin da aka koyar a taron ban riƙe ko kalma ɗaya ba. Da an ba da hutun shan shayi sai in tafi wurin nan in tsaya, ina ɗaukar hoto ta kowane gefe. A mota kan hanyar dawowa, kafin mu kai Kontagora, na riga na gama rushe tsakar gidanmu a raina na sake ta.

Na tarar da Nuriyya a baranda kan keken ɗinkinta, don tela ce, matan unguwa ke kawo mata aiki. Ko jakata ban ajiye ba na miƙa mata wayar.

"Duba nan. Haka gidan ga zai koma."

Ta duba hoton, ta duba tsakar gidan, ta sake duba hoton.

"Yana da kyau, Baban Kausar. To ina zan riƙa shanya?"

"A bayan gida."

"Gidan ga ba shi da baya. Katangar Alhaji Mansur ce bayanmu."

Na ce wannan ƙaramar magana ce, za a san yadda za a yi. Ta tambayi turmi, na ce kicin. Ta tambayi randuna, na ce kicin. Ta ce kicin ɗin da idan ta shiga sai ta fito kafin ta iya juyawa? Daga nan raina ya ɓaci, na faɗi maganar da daga baya aka yi ta maimaita mini ita.

"Nuriyya, wanga aiki na masu ilimin abin ne. Don Allah kada ki sa baki. Ki zuba ido kawai."

Ta ce, "To." Ta mayar da ƙafarta kan keke ta ci gaba da ɗinki.

Ilimin da nake taƙama da shi a waya na same shi. Sati biyu ina kallon bidiyon wasu Turawa masu manyan huluna suna gyara lambu a garuruwan da rana ba ta fitowa sosai. Na sayi littafin rubutu na zana taswira da jan biro da shuɗi. Ranar Asabar ta farko na sare zogalen, saboda ba ya cikin taswira. Nuriyya ta tsinke ganyen ta yi mana kwaɗo da shi, muka ci.

Daga nan na kira birkila ya ja ɗan bangon siminti mai tsayin tafin hannu ya zagaye filin. Da ya zo kan rariya ya tsaya.

"Alhaji, nan fa sai an bar hanya."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na karɓi sunan. Na ce masa a hoton Abuja babu wani rami a jikin bango, ya toshe ta. Ya ce damina fa tana tafe. Na yi masa bayani, yadda na ji a bidiyo, cewa ciyawa mai kyau ita ke shanye ruwan sama da kanta. Ya dube ni, ya ɗebo siminti ya liƙe ramin, ya shafe shi sumul.

Sai maganar ƙasa. Ta gidanmu jan yashi ce, na san ba za ta yi ba. Na tuna baƙar ƙasar fadamar Argungu, wadda kowa ya san ba ta da na biyu. Ƙanin mahaifiyata, Kawu Riskuwa, yana da gona a can bakin gulbi. Na ɗauki a-kori-kura na tafi ba tare da na kira shi ba, na tarar ya tafi ta'aziyya wani ƙauye. Iyalinsa suka ce in jira shi zuwa la'asar. Na ce ba sai na jira ba, ƙasa ce kawai, kuma ai na san ƙasa. Na zaga gonar ina tafiya a hankali don kada takalmina ya ɓaci, har na ga wani wuri a gefe, a share, a daddaɓe, ƙasarsa baƙa wuluk da ɗan ƙaiƙayi a kai. Na ce wa masu lodi nan za su haƙa. Muka cika mota muka dawo.

Irin ciyawar kuwa wani mai sayar da furanni a bakin hanya ya samo mini, a cikin leda mai hoton wani fili kore da kare yana gudu a kai. Na watsa shi ranar wata Lahadi a ƙarshen Afrilu, lokacin da zafi ke sa mutum ya ji kamar ana gasa shi. Na zuba fararen duwatsu a gefe, na dasa furanni huɗu a kusurwoyi, na kawo benci. Furannin ba su yi kwana goma ba suka bushe. Amma ban karaya ba, don ciyawar ce babban abin.

Safe da yamma ina ban ruwa. Kafin in tafi ofis in zuba bokiti shida, in na dawo in zuba shida. Ƙasar ta zama laka, idan ka taka sai ta riƙe maka silifa. Nuriyya ta ɗaura igiyar shanyarta a cikin baranda, wanda ya sa duk mai shiga falo sai ya sunkuya ta ƙarƙashin zannuwa. Daka kuma sai ta ɗauki turmi ta kai gidan Alhaji Mansur. Matarsa Humaira ta taɓa tambayata ko lafiya, na ce gyara muke yi.

A rana ta takwas na fito da safe na ga ɗan kore-kore ya huda ƙasa. Na durƙusa a kan laka da wandon zuwa ofis ina kallo. Na ƙwala wa Nuriyya kira. Ta fito da ludayi a hannu, ta sunkuya ta duba da kyau, ta ɗan daɗe tana dubawa. Na ga bakinta ya motsa.

"Mi za ki ce?"

"Ba komai. Allah shi sa albarka."

Cikin sati uku filin ya rufe. Gaskiya ta yi kyau, kore mai haske, idan iska ta kaɗa sai ta kwanta gefe guda ta tashi. Abu ɗaya ya dame ni, tsawo take yi da sauri, ba ta kwanta kamar ta Abuja ba. Na ce ƙarfin ƙasar Argungu ne. Na ɗauki almakashin ɗinkin Nuriyya na tsuguna ina yi mata aski, wuni guda cur, har hannuna ya yi kanta. Almakashin bai sake yanka atamfa daidai ba.

Na gayyaci abokin aikina Zulkifli ya zo ya gani. Shi ɗan cikin gari ne, gidansu malamai ne, abin da ya sani game da shinkafa shi ne a faranti. Muka zauna a benci, ƙafafunmu a ɗage saboda laka, na yi masa lacca ta kusan awa guda a kan bambancin ciyawar Turawa da tamu ta gida. Ya ce tabarkalla. Ya ɗauki hoto ya tura wa mutanen ofis. Ya ce in taimaka masa da irin, shi ma zai yi a gidansa. Na ce sai dai in duba masa, don ba kowa ke iya kula da ita ba.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo ne wata Laraba a watan Yuni, bayan azahar. Ina ofis hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu, aka tsuge. Ina tsaye bakin taga ina jin daɗi, ina cewa yau na huta da ɗaukar bokiti. Sai wayata ta yi ƙara.

"Baban Kausar, kana iya zowa gida?"

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Ciyawarka ba ta gama shanye ruwan ba, ya shigo falo yana jiranta."

Da ƙyar na sami keke napep. Na iso na tura ƙofa, ruwa ya tarbe ni har ƙwauri. Indararo uku na rufin gidan duk a tsakar gida suke zuba, kuma babu inda ruwan zai bi. Fararen duwatsuna sun nutse, benci yana yawo, silifas ɗinmu sun taru a ƙofar kicin kamar masu jiran abinci. Nuriyya ta ɗora keken ɗinkinta da kayan mutane a kan gado, ta naɗe zani, tana kwasar ruwa da roba tana kaiwa ƙofar gida. Ta miƙo mini bokiti.

Muka kwashe har magariba. Dardumar falo ta tashi aiki. Duk mai hankali a ranar zai ɗauki guduma ya fasa rariyar nan. Ni kuwa da gari ya waye na ga ciyawata tsaye cikin ruwa, ta ƙara kore, ta ƙara tsawo, ko ganye ɗaya bai kwanta ba, sai na ce wa Nuriyya, "Kin gani? Iri mai kyau ke nan. Da wata ce, da tuni ta ruɓe." Abin da na yi kawai shi ne na sa aka ɗaga dokin ƙofar falo da bulo ɗaya.

Sati biyu muka zauna da tafki a tsakar gida. Kwaɗi suka tare. Sauro ya zo da danginsa. Na jera bulo daga ƙofar gida zuwa baranda muna tsallakawa a kai.

Haka Kawu Riskuwa ya same mu. Ya shigo Birnin Kebbi neman wani ƙarfe na injin ban ruwansa, ya ce bari ya biyo ya gaishe mu. Dattijo ne siriri, ya haura saba'in, amma har yanzu shi ke shiga gonarsa. Ya yi sallama, ya tako bulo na farko, na biyu, sai ya tsaya cak. Ya dubi filin daga wannan bango zuwa wancan. Na fito da sauri ina murna, don na daɗe ina son wani daga gida ya ga aikina.

"Kawu, sannu da zuwa. Ka ga ɗan abin da na taɓa."

"Na gani, Samadu. Mi aka ce ma wanga?"

"Ciyawar Turawa ce, Kawu. Irin ta manyan otal. Daga waje aka kawo irin."

Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga cikin ruwan kamar ya shiga ɗakinsa. Ya kama tushe ɗaya ya tumɓuke, ya ɗauraye saiwar, ya kawo ta kusa da idonsa. Sannan ya dube ni.

"Ina kaɗ ɗebo ƙasag ga?"

"A gonarka. Ranar da ka tafi ta'aziyya. Can gefe, wani wuri a share."

"Ashe kai na. Na yi ta cigiyar wanda yay yi min rami a masussuka." Ya ɗaga tushen sama. "Nan muka bugun shinkafa duk shekara. Samadu, wagga shinkafa ta. Gyauro na, wadda taz zube a ƙasa. Irina ta, ko cikin duhu na san ta."

Na yi dariya, na ce ba mamaki ɗaya ko biyu sun biyo ƙasar. Ya tumɓuke wata daga can, ya nuna mini. Ya tumɓuke wata daga nan. Ya ce in nuna masa guda ɗaya tak wadda ba shinkafa ba a filin. Na sunkuya ina dubawa, ni da ban san abin da nake nema ba.

"To irin da na watsa fa?"

Nuriyya ce ta amsa daga baranda, tana riƙe da kofin ruwan da ta kawo wa Kawu.

"Tantabarun Alhaji Mansur sun cinye shi tun ranar. Kana fita masallaci suka sauka."

"Kin gani ba ki faɗa mini ba?"

"Ka ce kada in sa baki."

"Kuma kin san shinkafa ce?"

"Tun ranar da ka kira ni da ludayi a hannuna. Baban Kausar, ni fa 'yar Argungu ce."

Ni ma ɗan Argungu ne, amma ban ga amfanin tuna mata ba a lokacin.

Kawu ya lura da bakin ganyen a yanke. Ya tambaya ko awaki sun shigo. Nuriyya ta ce a'a, aski aka yi mata da almakashi. A nan dattijon ya kasa riƙe kansa. Ya zauna a bakin baranda, ƙafafunsa cikin ruwa, yana dariya har da hawaye, yana cewa shekara sittin yana noma bai taɓa jin wanda ya yi wa shinkafa aski ba. Ni ina tsaye kan bulo ɗaya, na rasa inda zan sa fuskata.

Da ya huce ya sha ruwa, ya kira ni in zauna kusa da shi.

"Kada ka ji kunya da yawa," ya ce. "Rabin laihin namu na. Ranar da anka sa ka makaranta, uwarka ta tara mu tac ce duk wanda yak kai ka fadama ita da shi. Ba ta son ƙahwarka ta tsage awa tamu. Mun bi maganatta. To ga shi ƙahwarka ba ta tsage ba." Ya dubi filin. "Da tana da rai, yau da ta yi dariya ta hi ni."

Wannan maganar ta shige ni fiye da dariyar. Na daɗe ban ji wani ya ambaci mahaifiyata haka ba, kamar jiya ta fita.

Kawu ya fasa komawa a ranar. Washegari da safe ya ce in samo guduma, ya nuna mini rariyar ya ce ni da na toshe ni zan buɗe. Bugu huɗu simintin ya faɗi, ruwan sati biyu ya fita titi da kwaɗinsa. Sannan ya juya ga Nuriyya.

"Ɗiyata, ke ka zama wurin ga wuni. Ƙaƙa kika son shi?"

Ashe tana da nata tsarin a kai tun tuni, ba ta taɓa zana shi a takarda ba. Ta ce a kwashe lakar a bar ta a gefen katanga kawai, faɗin taku ɗaya, a gauraya da yashi da taki. Tsakiya a zuba yashi a daɓe, a karkata shi zuwa rariya. Fararen duwatsun a jera su ƙarƙashin indararo inda ruwa ke dukan ƙasa. Benci ya koma jikin bangon yamma inda inuwa ke sauka da la'asar. Igiya ta dawo inda take. Kawu yana gyaɗa kai, ni ina tura baro. Kwana uku ina kwasar ƙasar da na sha wahalar kawowa ina fitar da ita. Alhaji Mansur ya karɓa da godiya ya zuba wa mangwaronsa.

A gefen katangar ta dasa na'ana'a, da ciyawar shayi, da barkono, da lalle, da sandar zogale biyu da Humaira ta ba ta. Kawu ya roƙa mini alfarma a bar shinkafar a kusurwa ɗaya, ya zagaye ta da 'yar kunya ta laka don ta riƙe ruwa. Ya ce tunda na fara, in ga ƙarshenta, kuma in ɓoye almakashi.

Labari bai tsaya a gida ba. Zulkifli ya zo karɓar iri ya tarar ina tura baro, Nuriyya kuma ba ta iya ƙarya ba. Ranar Litinin ina shiga ofis masinja ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Noma." Har shugaban sashenmu, mutumin da ba ya wasa, ya leƙo ya tambaye ni ko bana zan sayar wa gwamnati ko ajiyewa zan yi. Na tuna wa Zulkifli cewa shi ma ya ce tabarkalla, har ya nemi iri. Ya ce shi bai taɓa cewa a cikin abin aka haife shi ba.

Kusurwar ta yi kai a watan Satumba. Kullum da safe nakan tsuguna in duba, in kira Kawu a waya in faɗa masa abin da na gani, shi kuma ya gaya mini abin da ke biye. A haka na san lokacin da take ciki, da lokacin da take fure, da lokacin da ƙwayar ke madara. Tsuntsaye suka ci rabi kafin in gane cewa sai an rufa mata tsohon gidan sauro. Abin da ya rage na yanke da wuƙar kicin, na buga a kan tabarma, ya kusa cika kwanon sha guda, bai kai baki ba. Nuriyya ta turara, ta shanya, ta surfa a turminta a tsakar gida, ta dafa ranar Juma'a da mai da yaji. Cokali biyar-biyar muka samu. Ta ce ta ɗan yi tsakuwa, na ce ni ban ji ba.

Da kakar ta zo sosai Kawu ya aiko a ce mini za su fara yanka ranar Asabar, in ina so in zo. Na tafi da tsohon wando. Ya ba ni lauje ya sa ni a layi ɗaya da jikokinsa mata, waɗanda suka wuce ni tun kafin rana ta ɗaga. Wajen ƙarfe goma na yanke yatsa, aka ɗaure mini da tsumma, aka ce in koma inuwa in riƙa tsaron tulun ruwa kada awaki su kifar. Na zauna a gindin wata giginya har azahar, kuma tulun bai kife ba.